Amsoshin Tambayoyinku: Idan Mota Ta Sauko Wa Bakanike

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga unguwar Garin Malam take, nan Damagaram, daga wata baiwar Allah da ɗanta ke koyon gyaran mota. Ta ce mota ta sauko wa abokin aikinsa a ƙirji har haƙarƙari ya karye, mai gareji ya ce tsautsayi ne. Tana tambaya, shin babu abin da ke hana irin wannan?

Hajiya, akwai, kuma ba ya da tsada. Kirik, wanda wasu ke ce wa jak, aikinsa ɗagawa ne kaɗai. A irin kirik ɗin da ke aiki da mai, man da ke cikinsa ne ke ɗauke da nauyin, ƴar roba ce ke tare man. Ran da robar ta cinye, mota za ta sauka, wani lokaci sannu a hankali, wani lokaci rim, gaba ɗaya. Hilux fa ta kai wajen tan 2. Ga shi yawancin garejinmu a kan rairayi suke, gindin kirik na nutsewa ya karkace. Sai a shimfiɗa katako mai kauri, a ja birkin hannu, a datse tayoyin da ke ƙasa, sannan a tokare motar da ƙafafun ƙarfe kafin kowa ya kwanta a ƙarƙashinta. Bulon siminti kuwa, don Allah a daina, farfashewa yake ba sallama. Yaro ba ya iya yi wa maigidansa musu, saboda haka wannan nauyi a wuyan mai gareji yake.

Wani matashi daga Zango ya yi tambaya a kan injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu, ko shi yana da abin da ke hana mota saukowa. Malam, yana da makulli na ƙarfe. In mota ta hau, a sassauto ta har ta zauna a kansa. A kula sosai lokacin cire inji ko giya, don nauyi na komawa gefe guda.

In abin ya riga ya faru, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kada a fizgo mutum ta ƙafa. Ko ya miƙe yana cewa lafiya lau, a kai shi asibiti, domin jini na iya zuba a ciki ba a gani ba. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, yana da haƙƙin magani, amma sai mai gareji ya kai rahoton hatsarin da wuri.