Watanni 180: abin da CNPS ke ƙirgawa kafin ta ba ka fansho

Jama'a, assalamu alaikum. Kwanan nan maganar fansho ta cika wayoyi daga Garwa har Marwa a arewacin Kamaru, ana ta tura saƙo cewa duk wanda ya yi aiki shekara 15 fanshonsa ya tabbata. Maganar da saura, kuma sauran nan ne ke jefa dattawa cikin kuka a bakin ofis.

Mu fara raba hanya. Ma'aikacin gwamnati na dindindin, baitulmali ke biyansa, kuma tun dokar ƙarshen 2020 masu rukunin A da B na ritaya a shekara 60, C da D a 55. Ba da su muke ba yau. Muna magana da ma'aikacin kamfani, malamin makarantar kuɗi, direba, ma'aikacin ƙungiyar agaji, wato duk wanda fanshonsa ke hannun CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa.

Mu ɗauki misalin wata takardar albashi. Albashi sefa 200,000. A cikinta an cire 8,400, wato kashi 4.2 cikin ɗari. Mai kamfani shi ma zai ɗora 8,400 daga aljihunsa, ya haɗa ya kai CNPS. To, cirewa daban, kaiwa daban. Abin tamkar adashi ne: zubin da ya shiga hannun uwar adashi shi ke cikin littafi. Watan da aka cire maka ba a kai ba, sai ka tashi tsaye da hujja kafin a ƙirga maka shi. Watan da ba a ma yi maka rajista ba kuwa, ko ka yi gumi kamar me, babu shi a lissafi.

Ga sharuɗɗan samun fanshon. Shekara 60 da haihuwa. Shekara 20 da yin rajista. Watanni 180 na zubi. Sannan, ku saurara da kyau, 60 daga cikin watannin nan dole su faɗo cikin shekara goma na ƙarshe kafin ritaya. Kuma sai ka ajiye aikin albashi.

Sharaɗi na huɗun nan shi ne mutane ba su sani ba. A ce mutum ya yi aiki daga shekara 25 zuwa 40, zubi bai taɓa yankewa ba, watanninsa 180 cif. Sai ya bar aiki ya koma fataucin albasa ko shanu. Ya kai 60 ya zo da takardunsa. Shekara goman ƙarshe babu zubi ko ɗaya, don haka sharaɗin bai cika ba. Wallahi abin tausayi ne, domin da wani ya faɗa masa tun yana da 50, da ya gyara.

Ga kuma ɗan jami'a. Ya gama digiri a Ngawundare ko Marwa, ya ƙara na biyu, iyaye sun zuba ido. Daga nan sai koyarwar wucin gadi, kwantiragin wata shida, aikin da ake biya a hannu babu takarda. Bai samu rajista ba sai yana da 43. Ko zubinsa ya cika 180, ranar da ya kai 60 shekarar rajistarsa 17 ce kawai. Takardar digiri ba ta ƙara wata ko ɗaya a wannan lissafi.

Yanzu kuɗin. Ana ɗaukar matsakaicin albashinka na watanni 36 ko 60 na ƙarshe, wanda ya fi maka riba. Watanni 180 na ba ka kashi 30 cikin ɗari, wato 60,000 a wata ga mai 200,000. Kowane wata 12 da ka ƙara, kashi ɗaya. Shekara 30 na zubi, kashi 45, wato 90,000. Wanda ya tsaya a shekara 14 fa? Dunƙule guda za a ba shi, 2,800,000, wato albashinsa na wata 14, shi ke nan. Da jin adadin kamar ya yi yawa, amma mai karɓar 60,000 zai wuce shi cikin shekara huɗu, kuma nasa bai yankewa.

Gyaran yana nan. Tun 2014 akwai zubin sa-kai: ɗan kasuwa, tela, ɗan acaɓa, har ɗalibi, zai iya yin rajista ya riƙa zuba kashi 8.4 na kuɗin shigar da ya bayyana. A ganina, uban da ya iya biyan kuɗin jami'a ya daure ya buɗe wa ɗansa wannan tun yana aji, ko da ƙaramin zubi ne, don shekara 20 ɗin nan ta fara tafiya.

Mai aiki kuma, ka nemi lambar rajistarka yau. Ka je ofishin CNPS na garinku ka ce a fitar maka da lissafin watanninka, ka gwada shi da takardun albashinka wata-wata. Ka adana su a leda, nesa da gara da ruwan damina. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da takardar haihuwa, don harafi ɗaya kan tsayar da takardun mutum watanni. In ka ga giɓi, ka kai ƙara wurin sufeton ƙwadago tun kamfanin yana raye, tun shaidunka na nan.