Inshorar lafiya da jinyar masu jarabar tiramol: laccar da aka gabatar a Gombe

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai da ma'aikatan lafiya, sannunku da zuwa.

Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne a Nijeriya ke shan ƙwayoyi dangin tiramol da kodin ba da umarnin likita ba. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 kuma ta wajabta wa kowa inshorar lafiya, a nan Gombe hukumar GoHealth ce ke tafiyar da ta jiha. To wane ɓangare na jinyar ya fi cancanta inshora ta ɗauka?

Abin da yawancinmu muka sani shi ne a kwantar da yaro mako biyu a wanke shi, wato a yanke masa ƙwaya har ta fita daga jikinsa. Wannan kaɗai haɗari ne. Jikinsa ya daina jure yawan da ya saba, yana fitowa ya haɗiyi adadinsa na da, numfashi ya tsaya.

Abin da ke riƙe mai jaraba mai tsanani magani ne na watanni, wani ma shekaru, irin su methadone da buprenorphine, masu maye gurbin ƙwayar. Methadone ana fara shi da miligiram 10 zuwa 30, a sha a gaban ma'aikaci, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan domin yana taruwa a jiki. Makonni biyun farko nan ne ake rasa mutane idan aka yi gaggawa. Yawanci ana daidaita a 60 zuwa 120. Buprenorphine kuwa ƙarƙashin harshe ake sa shi, kuma sai an ga alamun yankewar ƙwaya, wato hamma, zufa da majina, sun fara. Aka ba shi da wuri, ciwon yankewar ya taso gaba ɗaya, majinyacin ba zai sake yarda da asibiti ba.

Ga inda tsarin biya ke kawo cikas. Asibitin matakin farko kuɗin kai ake ba shi duk wata, wato ƙayyadadden kuɗi kan kowane mai rajista, ganin likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai da takardar turawa da lambar amincewa daga masu inshora. Lambar ta makara, ko magani ya yanke 'yan kwanaki, dole likita ya koma ƙaramin adadi, wahalar watanni ta tashi a banza. A ganina lamba ɗaya ta isa ta ɗauki watanni.

Kafin ku yi rajista, ku tambaya ko waɗannan magunguna na cikin jerin da ake biya, har da naloxone, allurar da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi. Aikinta kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, don haka ko ya farka, a kai shi asibiti.