Sharhi: Tulunan Madara Biyu Na Birnin Warso

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya leƙa Warso, babban birnin Poland, inda a watan Nuwamban 1940 'yan Nazi suka killace Yahudawa sama da 400,000 cikin unguwa guda, suka kewaye ta da katanga.

A cikin wannan ƙunci ne masanin tarihi Emanuel Ringelblum ya tara malamai da marubuta suka kafa ƙungiyar asiri mai suna Oneg Shabbat, wato jin daɗin Asabar, don ran Asabar suke haɗuwa. Aikinsu shi ne tattara shaidar yadda ake rayuwa a unguwar, kuma ba su raina komai ba: katin rabon abinci, tikitin jirgin cikin gari, takardar naɗe alewa, rubutun 'yan makaranta, zane-zane, da hotuna 'yan kaɗan. Katin abinci guda ya fi doguwar huɗuba nuna yadda yunwa ta ci mutane.

A watan Agustan 1942, ana tsakiyar kwasar jama'a zuwa sansanin kisa na Treblinka, malami Israel Lichtenstein da ɗalibansa biyu suka binne kashi na farko na abin da aka tara cikin akwatunan kwano goma, a ƙarƙashin wata makaranta da ke lamba 68, titin Nowolipki. Kashi na biyu ya bi baya a farkon 1943, cikin manyan tulunan ƙarfe biyu na zuba madara.

To, nan ne batun yake. Da aka tono akwatunan a watan Satumban 1946, an tarar ruwa ya shige su, domin murafansu ba su kame sosai ba. Takardu sun manne da juna, fumfuna ta hau su. Hoto kuwa ya fi kowa shan wuya, saboda fuskarsa tana kwance ne a kan jelatin, wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabba. In ya jiƙa sai ya kumbura ya yi laushi, ya liƙe wa abin da ke kusa da shi, kuma fumfuna na cin sa. Duk wanda ya yi gaggawar ɓamɓare irin wannan hoto, da fuskar mutumin zai ɓamɓaro. Shi ya sa masu adana kayan tarihi a yau, in tarin takardu ya jiƙa ya fi ƙarfin shanyawa nan take, suke daskarar da shi tukuna, sannan su busar a hankali. Ɗakin ajiya kuma ba a barin laimarsa ta haura kashi 65 cikin ɗari, don daga nan fumfuna ke farkawa.

Tulunan madara fa? An ƙera su ne don kada ko ɗigo ya zuba, kuma abin da ya hana madara fita shi ya hana ruwa shiga. Ma'aikatan gini ne suka ci karo da su a watan Disamban 1950, takardun ciki sun fi na akwatunan lafiya nesa ba kusa ba.

Shafuka kusan 35,000 ne suka tsira, suna Cibiyar Tarihin Yahudawa a Warso, kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kundinta na muhimman takardun tarihin duniya a 1999. An harbe Ringelblum a watan Maris na 1944. Mutum uku kacal daga ƙungiyar suka rayu, ɗayansu, Hersh Wasser, shi ya san inda za a tona.

Akwai kashi na uku da aka binne dab da boren da Yahudawan unguwar suka yi wa 'yan Nazi a watan Afrilun 1943. An neme shi inda ake zaton an binne shi, wurin da daga baya ya zama harabar ofishin jakadancin Sin, har yau shiru.