Kafin jirgi, rumfa: shirin hunturu a Minnesota

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna bayan gida a Minneapolis, ƙarshen Oktoba, ganyen bishiyoyi duk ya zube. Jihar Minnesota tana da tafkuna 11,842, ni kuma na rantse sai na shiga ɗaya da kwale-kwalen da na haɗa da hannuna, mai tsawon ƙafa 14. To amma yau babu maganar jirgi. Maganar ɗakin da za a haife shi za mu yi. Uwargida ce riƙe da waya, idan hoton ya yi rawa, sanyi ne.

A gida idan aka ce rumfa, inuwa ake nema: dirka huɗu, a jefa zana, shi ke nan. Nan kuwa rana ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni gam ne. Jirgin nan da filawud na okume za a yi shi, icen da ake kawowa daga Gabon, a ɗinke allunan da waya, a bi su da gam ɗin epoxy. Shi kuma epoxy ɗan lele ne. Duba gwangwanin nan na kamfanin gam West System: mai lamba 205 ba ya kamawa idan sanyi ya sauka ƙasa da 4 a ma'aunin Salshiyas, mai lamba 206 ma sai 16. A garin da Janairu ke kai mutum ƙasa da sifili da 20, ka ga ai ba wasa.

Faɗin rumfar ƙafa 10, tsawo 18. Da gangan na tsaya nan, domin dokar gini ta jihar ta yafe wa ƙaramin ɗakin ajiya neman izinin gini muddin bai wuce murabba'in ƙafa 200 ba. Nawa 180 ne. Tazarar da za ka bari tsakaninka da katangar maƙwabci kuwa, wannan hurumin hukumar birni ne, ita za ka tambaya. Waɗannan ƙananan tutocin da kuke gani a ciyawa, na masu lamba 811 ne. Kafin ka haƙa rami a nan sai ka kira su, kyauta, su zo su nuna maka abin da ke binne. Ruwan ɗorawa bututun gas ne, ja wayar lantarki. Rodin da na kafa na daga gefen gabas taku biyu ne kacal tsakaninsa da tutar gas.

Matso nan, Hajiya, ki nuna musu haƙarƙarin rumfar. Kowane ɗaya sillen katako biyu ne, inci 1 da 3, da guntayen katako a tsakaninsu. A ƙasa ake lanƙwasa su a kan allo, a ɗaure da sukurori tun suna lanƙwashe. Kana saki, ba ya miƙewa, ya zama baka. Ɗaga shi da hannu ɗaya kamar ba komai, amma ka rataya a jikinsa ka ji. Biyu-biyu suke haɗuwa a ƙololuwa, duk bayan ƙafa huɗu. Da na tsaya a ciki na ɗaga kai, bakan gizon soron Zariya ne ya faɗo mini a rai, sai dai wannan yana da tsini.

Tsinin nan shi ne komai. Masu gini a wannan yankin suna lissafin nauyin dusar ƙanƙara fam 50 a kan kowace murabba'in ƙafa. Tantin mota mai shimfiɗaɗɗen kai da ake sayarwa a shaguna, dare ɗaya na dusa mai jiƙa ya ishe shi ya durƙusa a kan abin da ke ciki. Wannan kuwa dusar ba ta samun wurin zama, sai ta sulale. Ni dai ba zan ba wa kowa shawarar bututun roba ba, sanyi na sa shi ya karye. Ga kuma katakon da na gicciya daga kusurwa zuwa kusurwa, don kada iska ta kwantar da haƙarƙarin gaba ɗaya.

Rufin ba tamfol ba ne. Ledar gidan rainon shuka ce, mai kauri, wadda rana ba ta cinye ta da wuri, haske kuma yana ratsa ta. Kada ka buga mata kusa kai tsaye, ka danne ta da sillen katako.

Yanzu ga abin da ba a cika faɗa ba. Ruwan da zai ɓata maka aiki ba daga sama yake zuwa ba, daga ƙasa yake tasowa. Rana ta ɗumama ciki, ƙasa ta fitar da danshi, dare ya yi, ya taru a jikin leda, da asuba ya riƙa ɗiga a kan filawud. Shi ya sa na shimfiɗa leda a ƙasa tukuna kafin na jera alluna, na kuma bar taga a can sama, gaba da baya. Hita mai gas ma ban yarda da ita ba: tana ƙara tururi, ga hayaƙin da ba ya wari amma yana kisa. Mai lantarki zan sa a ƙarƙashin jirgin, in lulluɓe shi da bargo, gam ɗin kuma a cikin gida zai riƙa kwana.

Ƙofar gaba da sukurori kawai na ɗaure ta, domin ranar fitar da jirgi a kwance ta cikin sauƙi. Na auna lungun da ke tsakanin gida da katanga, zai wuce a karkace.

Hajiya ta ce yatsunta sun ƙage. Mako mai zuwa za mu daidaita gadon da jirgin zai zauna a kai, in Allah ya yarda. A huta lafiya.