Me ya sa sama take yin fari fat a hoton dutse?

[Hotuna biyu gefe da gefe: duwatsun garin Dutse da yamma]

Ku dubi waɗannan biyun da kyau. Wuri ɗaya ne, waya ɗaya ce, tazarar da ke tsakaninsu ko minti biyu ba ta kai ba. A na hagu sama ta yi fari fat kamar an shanya farin yadi. A na dama ga gajimare, ga jan rana kwance a jikin dutse. Duk lokacin da irin na daman ya zaga Facebook sai musu ya tashi, wasu su ce kwamfuta ce ta haɗa, wasu su ce sai da waya ta dubu ɗari biyar. Jama'a, bambancin yatsa ɗaya ne, da inda aka ɗora shi.

Bari mu sallami ƙananan abubuwa tukuna. Goge gilashin kyamara da gefen riga mai laushi, don wayar da ta wuni a aljihu tare da goro da ƙurar hanya ba za ta ba ka hoto garau ba. Kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, ka daidaita inda sama ta haɗu da ƙasa, kada Dam ɗin Tiga ya fito a karkace kamar ruwan zai zube. Kada ka zuƙo da yatsu biyu, taka da ƙafarka ka matsa. Sannan lokaci: bayan fitowar rana kaɗan, ko bayan la'asar sakaliya. A nan Kano da Jigawa rana tana faɗuwa wajen 6 da 'yan mintoci a Disamba, a Yuni kuma wajen 7 saura minti 10, kuma ba ta jan ƙafa. Mintoci 30 zuwa 40 na ƙarshe su ne naka, kafin ladan ya kira magariba.

[Allon waya, yatsa yana taɓa jikin dutse]

To, ga inda ake samun matsalar. Mutane da yawa sun ɗauka taɓa allo yana gyara ganin hoto ne kawai. A'a, aiki biyu yake yi. Inda ka taɓa, nan wayar take auna haske, kuma da shi take yanke hukunci a kan hoton gaba ɗaya. Idonka yana iya ganin inuwar dutse da hasken sama a lokaci guda. Kyamarar waya ba ta da wannan faɗin. Idan ka taɓa dutse mai duhu, ka ce mata ke nan, haskaka min nan. Sai ta ƙara haske ko'ina, dutse ya fito, sama ta ƙone.

Kalli abin da ya faru yanzu. Gajimaren ya tafi.

Abin lura shi ne, wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi daga baya, don bayanin yana nan a ɓoye. Wurin da ya yi fari fat kuwa babu komai a cikinsa. Ko wace manhaja ka buɗe, toka-toka za ta ba ka. Shi ya sa masu wannan sana'a suke kare sama tukuna, dutse ya biyo baya.

[Yatsa ya danna ya riƙe a gefen dutse, alamar rana ta fito]

Ga yadda ake yi. Nemi bakin dutsen, daidai inda ya haɗu da sama, ka danna ka riƙe kamar daƙiƙa biyu. A iPhone rubutu rawaya zai fito a sama, a yawancin wayoyin Android kuma za ka ga alamar kwaɗo. Hasken ya kulle ke nan, ko ka motsa hannu ba zai canja ba. Yanzu ja alamar ranar nan ƙasa a hankali. Kada ka kalli dutsen, kalli sama. Da zarar gefen gajimare ya bayyana, tsaya. Dutsen zai ɗan yi duhu, zuciyarka za ta ce ka ɓata hoton. Ba ka ɓata ba, ɗauka.

Mai Tecno ko Infinix da ke da sashen Pro, wato inda kake saita kyamara da kanka, nemi EV, mai ƙara haske ko rage shi, ka sauke shi zuwa -0.7 ko -1, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a mafi ƙasa, 50 ko 100. Tsarin HDR da ke cikin kyamara kuwa yana taimakawa, domin hotuna da yawa yake ɗauka ya haɗa su, amma yana son hannu tsaye. Jingina gwiwar hannu a kan dutse ko bangon rumbu. Idan shanu suna tafiya a gaba, wani lokaci sa ɗaya ya fito da ƙafa shida.

[Hazo a kan gonaki, bishiyar kuka daga nesa]

A hunturu labarin ya ɗan sauya. Hazo yana shanye launi, sama ta zama fara tun asali, babu gajimaren da za ka ceto. A ganina rage sama a hoton ya fi, ka cika shi da abin da ke kusa: kuka, giginya, karan dawa da aka tsayar. Rana kanta takan zama faifai ja da yamma, ita ma sai ka sauke haske take fitowa da da'irarta. Sama mai kyau ta damina ce, washegarin ruwan sama, iska ta wanku. Tsuntsayen dausayin Baturiya da ke Jigawa kuwa da sanyi suke zuwa daga Turai, mai son ɗaukar su sai haƙuri da hazon.

[Birnin Kudu, ƙarƙashin Dutsen Habude]

A nan kuma abin ya juye. Zanen shanun nan na mutanen da can yana cikin inuwar dutse ne, saboda haka fitar da sama daga hoton gaba ɗaya, ka taɓa jikin zanen ka kulle. Kashe fitilar waya, tana wanke launin ne kawai. Kuma don Allah kada a watsa wa zanen ruwa wai don ya fito, kada a shafa shi da hannu. Wurin tarihi ne na ƙasa, nemi mai kula da shi kafin ka shiga. Idan kana son girman dutsen ya bayyana, tsayar da ɗan rakiyarka can gefe, bayan ka nemi izininsa, ka ja baya taku goma.