Tsalle Bayan Dira: Ƙarfin da Ba a Gani a Girman Tsoka

Gwada wannan. Durƙusa, ka ƙirga uku, sannan ka yi tsalle. To, sake yi, amma yanzu kana durƙusawa ka zabura sama ba jira. Galibi na biyun ya fi tashi, alhali ƙafafun nan dai su ne.

Idan tsoka da jijiyarta suka miƙe da sauri, sukan tara ƙarfi kamar danƙon da aka ja. Ka saki nan take, ya cilla ka. Ka yi jinkiri, ƙarfin ya tsiyaye a banza. Babbar mai wannan aiki ita ce agara, jijiyar nan mai kauri da ta haɗa sharaɓa da dunduniya. Ban da haka, tsokar da aka fizga takan kai ƙara ga lakar ƙashin baya, laka ta ce mata ta ɗaure, tun ƙwaƙwalwa ba ta san abin da ake ciki ba.

Kalli ƙwararren ɗan tseren mita 100. In ya kai ƙololuwar gudu, ƙafarsa kusan kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa take yi a ƙasa. Tsoka kuwa ba ta iya fitar da duk ƙarfinta a ɗan wannan lokaci. Shi ya sa za ka ga ƙato mai ɗaga ƙarfe kamar wasa, amma a fili yaro siriri ya bar shi a baya.

Ana auna wannan ƙarfin zabura da zarar an dira, kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira RSI a taƙaice, ya fito ne daga Ostireliya a shekarun 1990. Ɗan wasa zai diro daga kan akwati ya tashi nan take, sai a raba tsayin tsallen da lokacin da ƙafa ta yi a ƙasa. A ce mutum biyu duk sun tashi mita 0.40. Ɗaya ya taɓa ƙasa na daƙiƙa 0.20, ya samu maki 2. Ɗayan ya yi daƙiƙa 0.40 a ƙasa, ya samu 1. A ido tsallensu ɗaya, amma a fagen gudu ko sauya hanya da ƙwallo, na farkon ne zai wahalar da kai.

Yuri Verkhoshansky, kocin Tarayyar Sobiyet, shi ya yayata atisayen dirowa daga tudu a shekarun 1960. Sai dai masu kwaikwayo da yawa sun ɗauka tsayin akwati shi ne jarumta. Ina! In dunduniyarka tana dukan ƙasa, gwiwa tana lanƙwashewa sosai, ana jin tim, akwatin ya fi ƙarfinka. Sauko da shi. Santimita 30 ya ishi mai farawa, ko ma tsallen igiya. Abin nema shi ne ka bar ƙasa kafin daƙiƙa 0.25.

Kada ka bar wannan atisaye sai ka gaji. Yi shi da farko, bayan ɗumama jiki, kaɗan kaɗan, da hutu tsakani, sannan ka ba ƙafa kamar kwana biyu. Jijiya ba ta saba da nauyi da wuri kamar tsoka, don haka in agara ta fara yi maka tsami da safe, rage tsallen a makon.