Kafin Ka Haɗa Waya, Leƙa Cikin Distiribita

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa makanikai da masu riƙon tsofaffin motoci, sannunku da zuwa. Maganarmu ta yau a kan 'yar na'urar lantarkin nan ce da ake sa wa tsohuwar mota a madadin kwantak.

Kun san aikin kwantak, wato ɗan makunnin nan da ke cikin distiribita: ya buɗe, ya katse wutar koyil, koyil ya harba babbar wuta zuwa fulogi. Sai dai bakinsa yana ƙonewa, duddugensa yana cinyewa, tayimin, wato lokacin da wuta ke zuwa fulogi, ya goce. Shi ya sa kamfanin Chrysler ya sallame shi daga motocinsa na Amurka a 1973, sauran suka biyo baya. Wanda motarsa ta girmi wannan lokaci kuwa, sai ya sayi na'urar ya sa da kansa.

To matsalar ita ce, mota ta zo hannunka bayan ta ratsa hannu biyar, ba takarda, ga wayoyi suna lilo. Kada ka yi canke. Cire murfin distiribita, zare rota, ka duba. In ka ga baƙin zobe a kan sandar tsakiya, da 'yar na'ura a gefensa mai waya biyu, ja da baƙa, wannan mai maganaɗisu ce, irin Pertronix Ignitor. In kuma ka ga abu kamar farfelar fanka yana gilmawa ta tsakanin ido biyu, fukafukansa daidai da yawan silinda, wannan mai aiki da haske ce, irin Lumenition ta Ingila. Ita tana da akwati dabam a ɗaure a jikin bodi, bi wayoyin za su kai ka.

Daga nan sai batir. Motocin Ingila da yawa, har tsakiyar shekarun 1960, kan batir mai alamar + ne ke haɗe da bodi. An juya wasu daga baya, an bar wasu. Je ka gani da idonka, domin na'urar da aka ƙera wa wannan tsari ba ta aiki a wancan.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne: koyil. Cire wayoyinsa, ɗora mitar awon lantarki a ƙananan bakunansa biyu. In ta nuna om 3 ko kusa, koyil ne mai shan wutar batir kai tsaye. In ta nuna 1.5, yawanci akwai abin rage wuta a gabansa. Wani lokaci farin tangaran ne kamar guntun sabulu, kana ganinsa. Wani lokaci kuwa waya ce kawai a ɓoye cikin damin wayoyi, kamar mai ruwan hoda a tsofaffin Ford. Ita ce mai wahalar da mutane.

A mai waya biyu, in − ne a bodi, baƙa tana zuwa − na koyil, ja tana zuwa +. Amma in akwai abin rage wuta, ja ba ta samun bolt 12 a nan, sai ka jawo mata wuta daga makulli, kafin abin ragewar. In ba haka ba, mota za ta tashi lafiya lau, don lokacin sitata ana tsallake abin rage wutar, sannan ta riƙa tari tana mutuwa a hanya, kai kuma kana zagin kafireto. In ka musanya ja da baƙa kuwa, nan take ta ƙone, ko hayaƙi ba lallai ka gani ba.

Na'am, Malam? Wani daga cikinku yana tambaya ko barin makulli a kunne yana ɓarna. Ni shaida ne. Na taɓa barinsa ina jin rediyo, inji a kashe, na dawo koyil ya yi zafin da ba ya taɓuwa, na'urar ta tafi. Sababbin ƙira suna kashe kansu, tsofaffi ba sa yi.

Wannan siririyar wayar da ke cikin distiribita, mai haɗa farantin da na'urar ke zaune a kai da jikin distiribitan, ku bar ta a wurinta. Bayan haɗi a sake saita tayimin da fitilar tayimin, don ba ya zama inda kwantak ya bar shi. Tsohon kwantak ɗin da kwandensa, wato ɗan gwangwanin da ke haɗe da shi, kuma a ƙulle su a leda tare da sukurorinsu, a jefa a aljihun mota, ko da na'urar za ta mutu a hanya.